Littafin Bashin Alhaji a Kasuwar Libiya

Damina ta kankama lokacin da na sauka Hartum a watan Agusta na 2022. Filin jirginsu a tsakiyar gari yake, har sai ka ga kamar fukafukin jirgi zai shafi rufin gidajen mutane kafin taya ta taɓa ƙasa. Daga Kano ba mu cika awa huɗu a sama ba. Ina zaune kusa da taga ina tuna cewa wannan tafiyar ce kakanninmu suke yi a ƙafa da bayan jaki, ta Maiduguri da Injamena da Abeshe, su shiga Jinena da Fashir da Ubayyid, su yada zango a Omdurman kafin su nufi Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani shekara biyu, wani bakwai, wani kuma auduga ta riƙe shi a gonakin Jazira har ya aurar da jikoki bai ƙarasa Makka ba.

Ni abin da ya kawo ni shara ce. Wani abokina da muka yi karatu tare a Jami'ar Afirka ta Hartum yana aiki a wata ƙaramar jarida mai fita kullum, ya kuma san na fi shekara goma ina kula da kwamfutocin ɗakin labarai a Kano. Ya ce rumbun bayanansu ya yi nauyi. Ɗan jarida zai rubuta kalma yana neman tsohon labari, ya tashi ya sha shayi ya dawo, na'ura ba ta gama laluben ba. Wani lokaci ana dab da kai shafuka maɗaba'a sai komai ya tsaya cik. Na ce ya ba ni kwana goma sha biyu.

Uwar garken gidan, wato na'urar da duk sauran kwamfutocin suke ajiya a cikinta, tana ƙarƙashin matakala, an ɗora wata ƙaramar fanka a kan kujera tana yi mata fifita. Da na kwance murfinta sai na tarar da ƙura ta yi mata bargo, jajaja-jajaja, irin wadda guguwar habub take shigowa da ita ko ta wace kafa a watannin bazara. Na fitar da ita tsakar gida na dinga hura mata iska ina toshe hanci da hula. Wata dattijuwa mai kula da ɗakin ajiyar jaridu, wadda kowa yake kira Ustaza, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ɗauke ido daga hannuna ba har na mayar da kusoshin. Daga baya na gane dalilinta.

Na tambayi abokina me ya hana su kai ajiyar nan wani kamfani a waje kamar yadda gidajen jarida da yawa suke yi. Ya lissafa mini. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan tun 1997 bai ɗagu ba sai a Oktoban 2017, kuma shekarun nan ashirin sun koya wa kowa ya riƙe kayansa a ɗakinsa, domin ko biyan kuɗin haya ta banki aiki ne. Ga yanke intanet. Bayan tarwatsa zaman dirshan masu zanga-zanga a ranar 3 ga Yunin 2019 an yi sama da wata guda babu ita a wayoyi, bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 kuma an haura mako uku. Sai Ustaza ta ƙara da abin da ya fi tsaya mini a rai. A zamanin Umar al-Bashir jami'an tsaro sukan jira sai an gama buga jarida tsaf, an kashe kuɗin takarda da tawada, sannan su zo maɗaba'a da asuba su kwashe. Ranar 16 ga Fabrairun 2015 jaridu goma sha huɗu aka kwashe a rana ɗaya. Fitowar da aka kwashe ba ta isa hannun mai karatu ba, ba ta shiga ɗakin ajiyar Ustaza ba. Inda kawai take raye shi ne cikin wannan baƙar na'ura mai ƙura.

Ƙa'idar aikinmu ta farko ita ce ba a taɓa komai sai an yi kwafi. Da na nemi kwafin da suke da shi aka miƙo mini wani faifai da aka yi wa ajiya shekara uku da suka wuce, na jona shi ya yi ƙara biyu ya yi shiru. Batiran inbata kuma sun mutu, ga wuta tana ɗaukewa kullum na tsawon awanni, kuma babu abin da yake lalata rumbun bayanai irin a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu. Faifai uku muka samo a shagunan Suƙ Arabi a tsakiyar Hartum. Batir da akwatin ƙarfe kuwa Ustaza ta ce kada mu ɓata kuɗi, mu tafi Kasuwar Libiya, can ake sari.

Mun hau motar haya muka tsallaka gadar Farin Nilu. Ta hannun dama ana hango Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, kuma a watan Agusta Shuɗin yana zuwa da ƙarfinsa, ɗauke da lakar tsaunukan Habasha, ya yi ja kamar kunun kanwa. Omdurman ba ta yi kama da Hartum ba. Gidajenta gajeru ne, hanyoyinta na mutane, ƙubbar Mahadi tana sheƙi daga nesa. Abokina ya nuna mini wajen da gidan rediyo da talabijin na ƙasa yake a bakin kogi. Tun 1940 rediyon Omdurman ya fara magana, kuma a lokacin ɗakunan ajiyarsa cike suke da muryoyin mawaƙa da malamai da shugabanni na shekara tamanin. Muka miƙe yamma, muka ratsa Umbadda, gari yana ta faɗi kamar ba zai ƙare ba, har muka fara ganin manyan motoci jere da kaya a lulluɓe da tamfol.

Sunan kasuwar ya samo asali ne daga kayan da manyan motoci suke ratso hamada da su daga Libiya, lokacin da 'yan Sudan suke tururuwar zuwa can neman kuɗi. A lokacin da na je kayan Sin da Dubai da Masar sun fi yawa, amma suna ya zauna. Wanda ya san Kantin Kwari ya haɗa ta da Sabon Gari da Singa a wuri ɗaya, ya zuba musu yashi da zafin rana, ya kusa gane ta. Layin barguna daban, layin yadi da laffaya daban, ga turaruka, ga tukwane, ga takalma buhu-buhu da ake ɗaure wa fataken Kurdufan da Darfur da Chadi. An yi ruwa da dare, saboda haka tsakanin rumfuna duk caɓi ne, masu baro suna ihun a ba su hanya, keken raksha yana kutsawa inda ko akuya sai ta yi tunani. Dala ɗaya ta haura fam 500 a lokacin, kuɗi sai a ɗaure da roba, shi ya sa rabin cinikin ta waya ake yi da manhajar Bankak, mai saye ya nuna wa mai kaya fuskar wayarsa, a yi musabaha.

Mun zauna wajen wata mai shayi a ƙarƙashin rumfar buhu, ta jera kwalaben citta da kirfa da kanumfari da na'ana'a a gaban murhun gawayi, ta zuba mana gahawa daga 'yar tukunyar jabana. Ina cikin kurɓa sai na ji wani yaro a bayana yana cewa ɗan'uwansa, "Kai, ɗauko mini igiyar can." Na waiga da sauri har gahawa ta zube mini a riga. Yaron ya ga fuskata ya yi dariya, ya ce in zo in gaida kakansa.

Dattijo ne fari tas da furfura, yana zaune a kan darduma a cikin shagon barguna da akwatunan ƙarfe. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Daga ina, ɗana?" Na ce daga Kano, Baba. Ya riƙe hannuna bai saki ba. Hausarsa tsohuwa ce, mai nauyi, da Larabci a tsattsarge, kuma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. A Mai Wurno aka haife shi, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a yaƙin Burmi a 1903, mabiyansa suka ci gaba da hijira gabas. Ya tambaye ni Dala da Gwauron Dutse da Kurmi, wuraren da ya sani a bakin kakarsa kawai.

Muna cikin ciniki wani mutum ya shigo biyan bashi. Alhaji ya jawo wani littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin darduma, ya lasa yatsa ya buɗe shafin mutumin. Ya ƙirga kuɗin sau biyu. Sannan ya ɗauki jan biro da 'yar rula, ya ja layi siriri a kan bashin, ta yadda ana iya karanta abin da ke ƙarƙashi, ya rubuta kwanan wata a gefe. Na leƙa na ga shafuka da yawa duk jan layi ne daga sama har ƙasa. Na ce, "Baba, waɗannan da aka gama biya, me ya sa ba a yage su a rage nauyi?" Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Bashin da aka biya ma shaida ne. Ran da ɗansa zai zo ya ce ubana bai taɓa cin bashinka ba, ko ya ce ya biya sau biyu, da me zan nuna masa?" Ya ce idan littafi ya cika yakan sa jikansa ya kwafe waɗanda ba a biya ba a sabo, tsohon kuma a kai gida a sa a akwati. Bai taɓa barin tsoho da sabo su kwana a rufi ɗaya ba, saboda gobara ba baƙuwar kasuwa ba ce.

Na sayi akwatin ƙarfe a wajensa, ya haɗa mu da mai batir a layi na uku, muka ɗora kaya a bayan wata a-kori-kura muka koma Hartum da la'asar. Duk hanya littafin nan yana raina, domin na zo Sudan ne da niyyar gogewa.

Kwafin farko ya ci dare guda. Da safe na ɗauki wata tsohuwar kwamfuta na zuba mata shi daga faifan, na kira Ustaza na ce ta faɗi duk labarin da ta ga dama. Ta faɗi wata fitowa da aka kwashe a maɗaba'a. Na nemo ta, shafin farko ya bayyana da kanunsa. Ta sa tafin hannu a fuskar kwamfutar ta yi shiru. Sai bayan nan na yarda cewa muna da kwafi, don kwafin da ba a gwada dawo da shi ba, zato ne kawai.

Sharar kanta ba ta da wani armashi, kuma yawancinta kowa zai yarda shara ce. Manhajar da suke rubutu a kai tana adana kowane gyara da aka yi wa labari, ko da waƙafi aka matsar, saboda haka labari ɗaya yakan kwana da 'yan'uwa talatin a bayansa. Akwai bayanan shiga da fita na shekaru da ba wanda ya taɓa dubawa. Akwai hoto ɗaya na minista ɗaya da aka ɗora sau ashirin da sunaye daban-daban. Waɗannan na rage su, na sake gina fihirisar rumbun, wato jadawalin da na'ura take bi ta gano inda kowace kalma take ba tare da ta karanta komai daga farko ba. A rana ta biyar binciken da yake cin lokacin shan shayi ya koma ƙiftawar ido. Na kuma tarar da ƙofofin ma'aikatan da suka bar gidan tun tuni a buɗe, kalmar sirrinsu tana aiki, ɗaya daga cikinsu ma ya rasu. A gidan jaridar da ke da sunayen majiyoyi a cikin daftari, wannan ya fi ƙura haɗari. Na rufe su duka a ranar.

Amma daftarin da edita ya hana fita, da labarin da aka janye, da gyaran da aka yi bayan an yi kuskure, waɗannan ban goge ko ɗaya ba. Na yi musu jan layin Alhaji. Na ware musu wuri, na sa musu alamar cewa an janye da ranar da aka janye, ba sa fitowa a binciken yau da kullum, amma mai nema zai same su.

Inda aikin ya cinye mini kwanaki shi ne sunaye. Rubutun Larabci yana da tarkunansa kamar yadda namu yake da ƙ da ɗ da ɓ, inda mai gaggawa zai rubuta kasa yana nufin ƙasa. Wani ya sa hamza a kan alif, wani ya bar ta. Omdurman kanta wani ya rubuta ta kalma biyu, wani ya haɗe ta. Na'ura kuwa ba ta san gari ɗaya ba ne. Tsofaffin labaran da aka kwaso daga wata manhaja ta dā sun rikiɗe sun zama tarkacen alamomi, sai da na juya su zuwa tsarin haruffan da ake amfani da shi yanzu kafin su karantu. Ni da wani matashi mai kula da shafinsu na intanet muka zauna muna haɗe sunaye ɗaya bayan ɗaya, har muka iso kan kalmar Hausa.

Wata guda kafin zuwana, a Yulin 2022, an yi rikici a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, an kashe mutane fiye da ɗari, Hausawa suka fito zanga-zanga a Hartum da Kasala da wasu garuruwa. Abokina ya ce a makon nan sun nemi tsofaffin labarai don su yi wa masu karatu bayanin asalin maganar, suka sami 'yan ƙalilan, har suka ɗauka jaridar ba ta taɓa kula da mutanen ba. Ashe labaran suna nan. An dai jibge su ne a ƙarƙashin Fallata, sunan da 'yan Sudan suke yi wa Bafillace da Bahaushe da Babarbare kuɗin goro da shi. Wasu suna ƙarƙashin Takarir. Wasu kuma, abin da ya sa na ajiye biro, an sa su a rukunin baƙi 'yan ƙasar waje, alhali ana maganar mutane irin Alhaji, waɗanda kakanninsu suka riga ƙasar samun 'yancin kai a 1956 da rabin ƙarni.

Matashin ya ce mu gyara kawai, mu maye duk waɗannan kalmomi da Hausa a wuce wurin. Niyyarsa mai kyau ce, kuma umarni ɗaya zai yi aikin cikin daƙiƙa. Na ƙi. Ba duk wanda aka kira Fallata ne Bahaushe ba, wannan ɗaya. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wurina, yadda jarida ta kira mutum a shekarar da ta kira shi, shi ma labari ne. Idan muka goge kalmar baƙo daga waɗannan shafuka, mun wanke jaridar daga abin da ta yi, kuma jikan Alhaji da zai zo wata rana yana son sanin yaushe aka fara ce musu ba 'yan ƙasa ba, zai tarar an share sawun. Muka bar kowace kalma a inda marubucinta ya sa ta, muka ƙulla su da wata alama ta sama, wadda duk wanda ya nemi ɗaya za ta nuna masa sauran. Ya ci mana kwana uku, Ustaza tana ɗauko ɗaurarrun jaridu tana tabbatar mana da waɗanda muke shakka.

A daren ƙarshe na aikin wuta ta ɗauke muna tsakiyar kwafi na uku. Ɗakin ya yi duhu, fankar kan kujera ta tsaya, amma 'yar koriyar fitilar uwar garke ba ta ko ƙifta ba. Batiran Kasuwar Libiya sun riƙe. A makon ne kuma 'yan jaridar Sudan suka zaɓi shugabannin ƙungiyarsu mai zaman kanta, karo na farko cikin fiye da shekara talatin, ofis ya cika da murna, ana ta shigo da lemo da dabino. Na rubuta musu takarda ɗaya da Larabci na manna a bango kusa da matakala: kwafi duk ranar Alhamis, gwajin dawo da shi duk farkon wata, hura ƙura duk wata uku, faifai ɗaya kada ya kwana a ginin.

Na koma Kasuwar Libiya ranar jajibirin tafiyata don in yi wa Alhaji sallama in kuma sayi laffaya ta uwargida. Ya sa jikansa ya raka mu Gandahar, can gaba da kasuwar, inda ake zaɓar nama a wajen mahauci a miƙa wa mata su soya a faranti a kan gawayi. Da za mu rabu ya ba ni turaren wuta a ƙulle a leda, ya ce in gaida Kano. Faifai ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya ya shiga akwatin ƙarfe a gidan Ustaza a Omdurman, na ukun editan ya ce in tafi da shi. Na naɗe shi a cikin laffayar na sa a jakar hannu.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun ɗaukin gaggawa na RSF. Tsakiyar Hartum, inda yawancin gidajen jarida da maɗaba'u suke, ta zama fagen fama tun safiyar farko, jaridun takarda suka daina fita. Gidan rediyo da talabijin na Omdurman ya faɗa hannun RSF, sojoji ba su karɓe shi ba sai a Maris na 2024. An wawashe gidan tarihi na ƙasa. Abin da aikin adana tarihi na Sudan Memory ya riga ya ɗauka a hoto daga ɗakunan ajiya daban-daban kafin yaƙin, shi ne ake iya buɗewa daga ko'ina a yau. Kasuwar Libiya ta daɗe a hannun RSF, an kwashe shaguna, sai a ƙarshen Maris na 2025 sojoji suka sanar da karɓe ta. Lambar jikan Alhaji ta daina shiga tun watan farko, kuma har yau nakan gwada ta ranar Juma'a.

Abokina ya fita ta kan iyakar Masar, kamar ɗaliban Najeriya da aka kwashe a motoci a makonnin farko. Wanda ya leƙa ofishinsu daga baya ya ce babu komai a ƙarƙashin matakala sai wayoyi a tsinke. Ustaza ta bar gida da abin da hannu zai iya ɗauka, akwatin ƙarfe bai shiga mota ba. Da suka fara haɗa kansu a Alƙahira don su ci gaba da fitar da jaridar a intanet, sai ya kira ni, muryarsa tana rawa, ya ce, "Malam, faifan nan yana nan?" Na ce yana cikin durowa, duk farkon wata ina jona shi. Dare shida na yi ina tura musu shi daga Kano, da janareta, ina sayen data ina ƙarawa.

Komai ya buɗe, har fitowar da aka kwashe a maɗaba'a, har labaran da ke ƙarƙashin Fallata da Takarir. Labari na ƙarshe a ciki na ƙarshen Agustan 2022 ne, rahoton ambaliyar ruwa. Daga nan zuwa tsakiyar Afrilun 2023, wata bakwai da rabi na aikin gidan, sun yi kwafinsu duk Alhamis kamar yadda takardar bango ta ce, amma faifan biyu duk a Hartum da Omdurman suke.